Filastar da Na Yi wa Tsohon Coci

A cocinmu Injiniya ake kirana, kuma ina amsawa. Ban taɓa shiga ajin da ake koyar da injiniyoyi ba, ko da fakewar ruwan sama ce. Heluma ne ni a kamfanonin gine-gine har na yi ritaya, wato mutumin nan da ke tsayawa a inuwa yana nuna wa na cikin rana inda za su zuba kankare. Wata Lahadi na zo sujada kai tsaye daga wurin aiki, hular kwano a hammata, sai wani dattijo ya ce, "Sannu da zuwa, Injiniya." Ni kuma ban ga dalilin ƙaryata babba a gidan Allah ba. Tun daga ranar sunan ya bi ni, kuma da shi aka ɗora ni a kan shugabancin kwamitin gini.

Cocin namu ya girmi duk wani gini da ke unguwar. Manya sun ce lokacin da aka kafa shi babu kowa a wurin sai leburorin da ke shimfiɗa layin dogo da 'yan rumfunansu. Su suka gina shi, da yamma bayan an tashi aiki, da jan dutsen da suke fasowa daga tsaunin bayan gari suna ɗaukowa a ka. Kakanmu yana cikinsu. Siminti a lokacin, ko akwai shi, ba na irinsu ba ne, don haka farar ƙasa suka kwaɓa da yashi suka ɗaure duwatsun. Kaurin bangon ya kai mutum ya zauna a bakin taga ya miƙe ƙafa. Da tsakar rana, gari na tafasa, cikinsa kamar randa.

A gaban ginin ne suka ƙure basirarsu. Ƙofar lanƙwasasshiya ce kamar baka, duwatsu a jere kowanne ya tokare ɗan'uwansa, na tsakiyar ya riƙe su duka. Bisa ƙofar akwai zagayayyar taga, bisa tagar kuma wani mai haƙuri ya sassaƙa kurciya da reshen inabi. A gefe ga hasumiyar ƙararrawa, guntuwa, mai ƙiba. An ce suna tsakiyar gininta aka kwashe leburorin aka yi gaba da su tare da layin dogo, waɗanda suka rage suka ɗora mata rufi a inda ta tsaya. Matata ta ce da ni take kama. Ban yi musu ba, don na sha ganin kaina a madubi.

A shekarun da na yi ina shugabancin kwamiti na taimaki cikin ginin ƙwarai. Na rufe manyan katakan rufi da farin silin na roba. Na binne daɓen dutse a ƙarƙashin tayil mai sheƙi, wanda ya kayar da tsofaffi da dama kafin su saba. Dogayen bencinan da kan kama wa mutum baya na bayar da su, na kawo kujerun roba. Fuskar ginin kaɗai ta gagare ni, kuma ba don ban yi niyya ba. Yayata ce ta tsaya a gabanta.

Yaya ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ita ce mai tsaron ƙofar coci tun ina saurayi. Kowace Lahadi tana tsaye a ƙarƙashin bakan nan, tana gaida masu shigowa, tana hararar masu latti, tana karɓe cingam daga bakin yara. Duk ikilisiyar ita kaɗai ce ba ta taɓa ce min Injiniya ba. Auta take kirana, a gaban jikokina, a gaban Fasto, a gaban kowa. Duk sanda na kawo maganar gyara gaban coci sai ta ce, "Auta, ka gama da ciki, ka bar mana waje mu ga abin tunawa." Ni kuma in janye, don wadda ta wanke maka kashi ba ka ɗaga mata murya.

Bara ne masu titi suka zo. Da safe muka tarar da jan fenti a jikin bango, sun ja layi, sun yi gicciyen da ba irin namu ba. Za a faɗaɗa titi, kuma faɗin zai ci gaban cocin gaba ɗaya, da ƙofa da taga da hasumiya. Hankalin kowa ya tashi. Fastonmu, wanda bai daɗe da zuwa ba, mutum ne mai sanyin hali da yawan bincike, shi ya gano cewa akwai ofishin da ke adana gine-ginen tarihi. In ofishin nan ya zo ya duba ya ce gini na tarihi ne, ba mai taɓa shi. Dole titi ya kauce, ya bi ta tsohon garejin da ke tsallake, inda ba abin da ke ciki sai matattun motoci. Ya yi ta zarya har suka ce za su turo mai dubawa kafin ƙarshen wata.

Aka kira taron dattawa. Aka yi addu'ar godiya, aka ce kowa ya ci gaba da roƙon Ubangiji, har Fasto ya fara tattara takardunsa. Da an tashi a nan da shi ke nan. Sai na miƙe.

"Jama'a," na ce, "baƙo za mu yi. Kun fita kun dubi gaban cocin nan kuwa?"

Na zayyana musu. Hayaƙin manyan motoci ya mai da jan dutsen baƙi ƙirin. Kashin tattabaru ya yi zane tun daga sama har ƙasa. Ciyawa ta tsiro a kafaɗar hasumiya. Kurciyar nan kuwa datti ya cika ta, ba ka bambanta ta da kazar da ruwa ya ba kashi.

"A haka za mu karɓi mutumin gwamnati? Ya zo ya ce mutanen nan ko kula da ginin ba sa yi, don me za a bar musu? Ku in surukanku za su zo, haka kuke barin ƙofar gida?"

Dattawa suka shiga gyaɗa kai. Ba wanda ke son a zo a ga tsiraicinsa.

Yaya tana can baya, ba 'yar kwamiti ba ce amma ba wanda ya isa ya ce ta fita. Ta ce, "Auta, tsohon gini aka ce za a zo gani. Ka bar shi da tsufansa."

Na ce, "Yaya, tsufa daban, ƙazanta daban."

Aka tafa. Maganar ta yi min daɗi a baki har na maimaita ta. Karo na farko ke nan a rayuwata da na ka da Yaya a bainar jama'a, kuma na ji kamar an ƙara min tsawo. Fasto ya ce ko a wanke kawai da ruwa. Na yi masa bayanin da na saba yi wa masu gida, na cika shi da sunayen kayan aiki, na ce wanki ba zai fitar ba, sai filasta da fenti. Ya ce, "To, Injiniya ya fi mu sani."

Ranar da aka fara aiki maza suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu: tela, direban tasi, malamin lissafi, mai shagon magani, shugaban mawaƙa. Ba birkila ko ɗaya a cikinsu, amma ga zuciya. Na tara su a gefen dama na ƙofa, daga ƙasa, na naɗe hannun riga don in nuna musu yadda ake yi. Na sassare fuskar dutse da guduma don siminti ya sami abin kamawa. Na goge da burushin ƙarfe, na wanke tas, na jiƙa har dutsen ya ƙoshi. Na kwaɓa siminti mai ƙarfi, ba irin wanda muke yi wa gidajen haya ba, na watsa, na bari ya sha iska, na yaɓa, na goge. Allah ya sani, a duk shekarun aikina ban taɓa yin filasta mai kyan wannan ba. Wurin bai fi faɗin tabarma ba, amma na yi gumi a kansa.

"Kun gani? Haka za ku yi har sama."

Suka ce sun gani. Aka kafa katakan hawa, suka ɗare. Ni gwiwoyina sun daɗe da yin sallama da tsani, don haka na ja kujera zuwa inuwa, na koma sana'ata ta asali. Ina ɗaga kai ina cewa, "Ƙara a hagu! Goge nan! Tela, ba riga kake ɗinkawa ba, yi sauri!" Lokaci ya ƙure, kowa kuma yana da abin neman abincinsa, don haka suka dinga watsawa suna gogewa. Daga inda nake zaune aikin sumul yake. A sana'armu kuwa, abin da ya yi sumul daga ƙasa ya gamu.

Na sa aka cike kurciya da reshen inabi suka shafe. Zagayayyar taga na sa aka toshe gefunanta ta zama mai kusurwa huɗu, irin ta mutane. Bakan ƙofa aka rufe samansa da katako aka bi da filasta, ƙofa ta miƙe. Sannan fenti: ruwan madara, da ratsin shuɗi a gefe. Da muka gama na sa aka kwance katakan hawa, aka mayar da tsanin da muka aro, aka share wurin ƙal. Na tsallaka titi na tsaya ina kallo, hawaye ya kusa zubo min. Ginin ya koma kamar bara aka yi shi.

Yaya ta daina tsayuwa a ƙofa. Ta koma shiga ta ƙaramar ƙofar gefe, ta zauna a kujerar ƙarshe. In na gaishe ta, matata take amsa wa. Na ce a raina tsofaffi haka suke, in ta ga takardar gwamnati za ta huce.

Ranar zuwan baƙo muka jeru tun hantsi. Mawaƙa cikin rigunansu, mata da sabon ɗinki, ni a gaba da kwat da hular kwano, wadda na sa matata ta goge da toka. Muna baza ido muna jiran babbar mota da wani mai tumbi. Wata 'yar siririyar mata, da takalmin yawo da jaka a baya, ta wuce ta gabanmu tana duba wani hoto a hannunta. Ta kai ƙarshen layi ta dawo, ta sake wucewa. Ba wanda ya kula ta. Da ta gaji ta matso kusa da ni.

"Baba, sannu da hutawa. Don Allah ina tsohon coci yake a layin nan? Daga ofishin adana tarihi nake."

Na cire hula, na ba mawaƙa hannu, suka ɗauki waƙa. "Ai kin iso, ranki ya daɗe. Ga shi."

Ta dubi hoton, ta dubi ginin. "A'a, Baba. Mai jan dutsen nan nake nufi, mai kurciya a sama."

"Shi ne," na ce. "Yana ciki."

Ban taɓa ganin fuska ta yi abin da tata ta yi ba. Ni kuma na ɗauka mamakin kyan aiki ne. Ta tsaya har mawaƙa suka kai ƙarshe, don tana da tarbiyya, sannan ta ce a kai ta ciki. Ta ɗaga kai ta ga silin, ta sunkuya ta ga tayil, ta tambayi bencina na ce mun yi gaba da su tuni. Ina biye da ita ina bayani, wace shekara na yi wannan, wace shekara na yi wancan. Ba ta rubuta komai ba. Muka fito waje, jama'a suka kewaye mu.

"Wa ya yi filastar nan?" ta ce.

"Ni na tsaya a kai."

"Za ta fita?"

To, ku da ba ku yi aikin gini ba, ba za ku san nauyin wannan tambaya ba. Shekara da shekaru masu duba aiki suna yi min ita, kuma ma'anarta ɗaya ce: ka ci siminti ko ba ka ci ba? Ga Fasto, ga dattawa, ga matata, ga tela da ke gyara tsayuwa. Na yi dariyar manya.

"Fita? Ranki ya daɗe, filastar nan sai dai ranar tashin matattu."

Ta zuge jaka ta ciro 'yar guduma da ƙarfe mai baki. "Bari in gwada." Ta nufi wajen hasumiya.

Abin da na yi daga nan ban yi shi da tunani ba, jikina ne ya yi. Duk heluman da ya san abin da yake yi ba ya barin mai duba aiki ya zaɓi wuri da kansa. Ba hana shi za ka yi ba. Shiga gabansa za ka yi kana hira, ka buɗe hannu ɗaya, ka ɗan karkata kafaɗa, ka ce can akwai rana, nan ya fi inuwa, kafin ya farga yana tsaye a gaban wurin da ya fi kyau a duk ginin. Na yi wa manyan injiniyoyi na gaske haka, balle 'yar yarinya mai kunyar furfura. Sai ga ta a gefen dama na ƙofa, daga ƙasa, a gaban aikin hannuna.

Ta ƙwanƙwasa. Ya amsa kamar ƙarfe. Ta kafa bakin ƙarfenta ta doka, ta sake dokawa, sai da ta yi gumi kafin ɗan guntu ya ɓalle. Ta ɗauka ta juya shi. A bayansa ga jan dutse manne, ya taho da namansa.

"Kin gani?" na ce. Mawaƙa suka tafa. Na ɗan sunkuyar da kai irin na mai tawali'u.

Ta zauna a kan matakala, guntun yana hannunta. Ta yi magana a hankali, kuma Fasto take kallo, ba ni ba. Ta ce abin da ofishinsu ke karewa shi ne aikin hannun waɗanda suka fara ginin. Cikin cocin ya riga ya tafi. Saboda fuskar nan kaɗai aka turo ta. Da filastar za ta ɓamɓaru ta bar dutsen lafiya, da ta rubuta cewa ginin yana nan a ɓoye, a ba mu lokaci mu cire, a dakatar da masu titi. Amma tunda ta kama haka, duk wanda ya cire ta zai cire da sassaƙar, da bakin baka, da komai. Ba abin da ya saura da za ta kare.

Ni dai har lokacin murmushina bai gama sauka ba, don labarin ya riga ya isa kunnena amma bai ƙarasa ga fuskata ba.

Fasto ya ce, "Injiniya, ko'ina haka yake? Har sama?"

"Ko'ina," na ce. Kuma har zuciyata haka na yarda. Ban taɓa tsayawa a kan wani aiki na yi shakkarsa ba, wannan ne sirrin barcina mai daɗi.

Daga baya muryar Yaya ta fito. "'Yata, ki hau sama ki gwada."

Malamar ta ɗaga kai ta dubi tsawon bangon. Ba katako, ba tsani, na sa an kwashe komai don tsabta. Tana da sauran gine-gine a kan layin da za ta duba kafin rana ta faɗi. Ta ce, "Mama, da ma wani ne ya yi aikin da na ce a nemo tsani. Amma tunda injiniya ne ya tsaya a kai, ya kuma ce ko'ina haka yake, ba ni da abin cewa." Ta jefa guntun a jaka, ta ce mu yi haƙuri, ta tafi. Ko lemon da aka tanadar mata ba ta sha ba.

Amsa ba ta daɗe ba ta zo, kuma kowa ya san abin da ke ciki tun kafin Fasto ya karanta. Ba wanda ya yi tunanin ya sake hawa ya gwada. Wa zai hau, bayan an gani da ido cewa da naman dutse take fita? Ba wanda ya zage ni kuma, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da an zage ni da na rama na ji sanyi. Injiniya suka ci gaba da ce min, sai dai sun ƙara wa sunan tsawo. Matata kan ajiye min abinci ta ce, "Garin neman gira," ta koma kicin, ta bar ni in ƙarasa da kaina. Aka sauko da ƙararrawa aka ajiye a ɗakin kaya. Aka ɗauko wani birkila daga waje ya ja bangon bulo a ciki, inda sabon gaban coci zai tsaya. Kwamiti ya ce in huta, na yi wahala da yawa.

Ranar rushewa na yi niyyar kwanciya da zazzaɓi. Na ma ja bargo. Sai na ji sandar Yaya a tsakar gida, ita da rabonta da gidana tun ranar taron nan. Ta tsaya a ƙofar ɗaki.

"Tashi. Kai ka yi masa wanka, kai za ka raka shi."

Na tashi. Ban san abin da ya sa na ɗauki hular kwano ba.

Mun tarar da jama'a cike, har da maƙwabtan da ba cocinmu suke zuwa ba, waɗanda suka tashi da jin ƙararrawar nan tun suna yara. Masu titi sun ja igiya sun tare hanya. Katafila tana tsaye tana huci. Muka tsallaka muka tsaya a bakin tsohon gareji, Yaya a gefena. Direban ya ɗaga dogon hannun motar, ya kai bakinsa kafaɗar hasumiya, ya ɗan taɓa, irin taɓawar da ake yi don a ji ƙarfin abu.

Aka ji ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, tana gudu daga sama zuwa ƙasa. Sai filastar ta saki. Ba guntu-guntu ba, falle-falle, kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Ta hasumiya ta zame ta ja ta bango, ta bango ta ja ta taga, katakon da ke saman ƙofa ya faɗo da tasa. Mutane suka ja da baya da ihu. Ƙura ta turnuƙe.

Da ƙurar ta kwanta, sai ga coci.

Tela da abokansa ba su sassare ba, ba su wanke ba, ba su jiƙa ba. A kan hayaƙi da kashin tattabaru suka yaɓa, filastar kuwa dattin ta kama, ba dutsen ba, kuma da za ta tafi sai ta tafi da shi. Dutsen ya fito ja wur, irin jan da ko Yaya ba ta taɓa gani ba. Ga baka, kowane dutse da layin farar ƙasarsa. Ga taga ta koma zagayenta. Ga kurciya, ana ƙirga gashin fiffikenta, ashe ma kanta a juye yake tana kallon masu shigowa. Duk fuskar ba inda ruwan madara ya saura sai wuri guda, a gefen dama na ƙofa, daga ƙasa.

Direban ya kashe mota. Ya leƙo ta taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da shugaban aikinsu, "Oga, wannan aka ce in rushe?"

Fasto ya riga ya kira malamar nan a waya. Ina jin muryarta sama-sama. Ta ce a tura mata hoto, aka tura. Ta duba. Sannan ta ce takarda ta riga ta bar hannunta, manya sun sa hannu, ko yau ta fara bin ofisoshi ba za ta cim ma katafilar da ke tsaye a wurin ba. Ta roƙi a ɗauki hotuna da yawa, ta kowane gefe. Nan take wayoyi suka tashi sama.

Ni kuwa na kifa hular kwano, na tsallake igiya da gwiwoyin da suka ƙi tsani, na isa gaban shugaban aikin ina haki. Na ce ya dakata, ko na yini ɗaya, ginin tarihi ne, ga shi yana gani. Ya ce shi ma yana da ido, amma yana da na sama da shi, kuma motar nan haya take. Na buga ƙirji na ce, "Da injiniya kake magana."

Ya dube ni daga hula har silifas. "Na wane kamfani, Baba?"

Na buɗe baki ban sami kamfani a ciki ba. Wani lebura ya kama hannuna da ladabi ya mayar da ni bayan igiya.

Na koma gefen Yaya. Na kasa kallon ginin, na kasa kallonta, na tsura wa ƙasa ido. Baƙin ciki ya rufe ni, irin wanda rabona da shi tun ranar da aka fita da mahaifiyarmu. Sai na ji hannunta a damtsena, ta riƙe gam.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ashe ko ɓarnar ma ba ka iya ba."

Na yi abin da ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ya fito min ta hanci. Ita ma hawaye ne ke bin kumatunta, ba ta share ba, ba ta kuma sake ni ba.

"Ɗaga kanka," ta ce. "Haka Kaka ya bar shi. Ni ban taɓa gani ba sai yau. Kalla da kyau."

Na cire hular, na ɗaga kai, muka tsaya muna kallo. Direban ya ba mu lokacin da zai iya, ya sha ruwa, ya goge madubi, ya gyara kujera. Da ogansa ya sake ɗaga masa hannu, ya kunna mota.